Varanasi ko Madurai: wanne matafiyi zai fara gani?

Idan tarihi kake bi, nufi haikalin Hindu na Kashi Vishwanath da ke Varanasi, a arewacin Indiya, kusa da kogin Ganga. Sarki Aurangzeb ya sa an rushe shi a 1669, sarauniya Ahilyabai Holkar ta gina na yanzu a 1780, kuma masallacin Gyanvapi na makwabtaka da shi. Mabiya addinin Hindu sun yi imani wanda ya mutu a garin ya tsira daga a sake haifarsa a duniya. Sai dai cunkoso ne, da kyar za ka tsaya ka kalli komai.

Ni kam na fi son haikalin Meenakshi na Madurai, a kudancin Indiya. Hasumiyoyi 14 gare shi, kowacce cike da gumaka masu launi. A tatsuniyarsu, Meenakshi 'yar sarki ce da ta fito daga wuta, jaruma, ta auri Shiva, daya daga cikin manyan allolin Hindu. Kullum da dare ana daukar gunkin mijin a kan karaga, da ganguna da busa, a kai shi dakinta. Wanda ba Hindu ba dai ba ya shiga kuryar ciki.