Heliar 15mm ko Skopar 21mm a kan M6, wanne za ka fara saya?

Malam barka da warhaka. Ka ce kana da kyamarar fim Leica M6 da gilashin 35mm guda ɗaya, kana so ka ƙaro mai faɗi sosai saboda gine-gine da lunguna da cikin ɗaki, kuma kuɗin guda ɗaya ne a hannu, shin Voigtländer Heliar 15mm f/4.5 ko Color-Skopar 21mm f/4. Ni dai 21 ɗin zan ce ka ɗauka, amma bari in baje maka su gefe da gefe ka gani da idonka, don wataƙila aikin da kake so ya fi karkata ga ɗayan.

Abu na farko kar lambar ta ruɗe ka, a ce ai tsakanin 15 da 21 milimita shida ne kacal. A wannan ɓangaren shida ba wasa ba ce. Gilashinka na 35 yana kwasar kamar digiri 63 daga kusurwa zuwa kusurwa, 21 yana kwasar digiri 90 da ɗan wani abu, shi kuwa 15 digiri 110 yake haɗiyewa. Wato da 21 kana ganin duniya ta buɗe amma har yanzu ido ya yarda da ita, da 15 kuwa sai ka wanke fim ka tarar da inuwarka a ƙasan hoto, ko ɗan yatsanka a gefe, ko ma bakin takalminka idan ka ɗauka a tsaye. Duk abin da ya wuce taku huɗu ko biyar daga gare ka sai ya koma ɗan mitsitsi can ƙurya, rabin hoton ya zama sama rabi ƙasa, tsakiya ba komai. Shi ya sa 15 yake buƙatar ka matsa jikin abu sosai, har sai ka ji kamar ka takura wa mutum.

Dukansu biyu ƙanana ne, za su shige aljihun riga, kuma dalilin shi ne abin da ya sa mutane ke son irin wannan gilashi a kan renjifainda, wato kyamara irin M6 mai na'urar auna nisa a cikin tagar leƙenta, tun asali. Babu madubi a cikin kyamarar da zai riƙa ɗagawa yana sauka, don haka bayan gilashin yana iya kusantar fim sosai, ba sai an yi masa dabarar da ake yi wa na SLR, kyamara mai madubi, ba wadda ke sa shi girma da nauyi. Tun 1954 Zeiss suka fitar da Biogon 21mm f/4.5 na kyamarar Contax a kan wannan tsari. Ribar ita ce layi yana fitowa a miƙe, bango ba ya yin ciki. Kuɗin da ake biya kuma shi ne kusurwoyi suna yin duhu, kuma a nan 15 ya fi 21 laifi, musamman a buɗe gaba ɗaya. A fim baƙi da fari ni duhun nan ba ya damuna, yana ma tattaro ido zuwa tsakiya, amma a sararin sama mai launi ɗaya za ka gan shi ƙarara.

Maganar leƙawa kuwa kunnen doki suka yi. Tagar leƙen M6, irin mai lamba 0.72, layin da take nuna iyakar hoto da shi ya tsaya ne a na 28mm, don haka ko wanne ka saya sai ka ɗora ƙaramar tagar leƙe a mazaunin filasha. Ka saita nisa da haske a tagar kyamara, ka ɗago ido sama ka tsara hoton, sannan ka danna. Da farko yana da takaici amma hannu yana sabawa. Sai dai ka sani tagar tana sama da gilashin, in abu yana kusa sosai abin da ka gani ba daidai yake da abin da fim ya gani ba, ka riƙa barin ɗan fili a gefe. In wannan hawa da saukar ido ne ba ka so, kyamarorin Bessa R4A da R4M suna da layin 21mm a cikin tagarsu, amma ko su ba su da na 15.

Wajen saitin nisa ne 15 yake cin nasa. Heliar na farko da ya fito a 1999 tare da Bessa L ba ya ma haɗuwa da renjifainda ko kaɗan, kintace ake yi, kuma wallahi ba ka rasa komai ba: rage buɗin gilashin zuwa f/8, ka ajiye nisa a mita ɗaya, daga kusan rabin mita har ƙarshen gani komai zai fito tas. Skopar 21 a f/8 sai ka ajiye shi wajen mita biyu, ka samu daga kusan mita ɗaya zuwa can. Shi ma da sauƙi, kuma yana haɗuwa da renjifainda idan kana son ka tabbatar a f/4 cikin ɗaki mai ƙarancin haske.

To inda na fi so ka tsaya ka yi tunani shi ne mutane da karkata. Ka ce lunguna, to lungun cikin birni irin na Kano ko Zariya ba ya rabuwa da jama'a, yara, mai tura kura, dattijo a kan dakali. Da 21 in ka sa mutum bai kai can gefe ba zai fito da kamanninsa. Da 15 duk wanda ya faɗa kusurwa kansa zai miƙe kamar ƙwai, kafaɗa ta baje, kuma ba wanda zai ji daɗi ka nuna masa kansa a haka. Gini ma haka ne, ka ɗaga hancin kyamara kaɗan don ka kamo zankwaye a saman soro sai ka ga bangon duka ya kwanta baya kamar zai faɗi. 21 ma yana yi amma yana yafiya, 15 ba ya yafe ko digiri biyu, dole kyamara ta tsaya cak a daidaice, wasu har ɗan ma'aunin ruwa suke ɗorawa. Inda 15 ba shi da na biyu shi ne wuri matsattse da ba ka da bayan da za ka ja, cikin zaure kana son daurin guga na rufin ya shigo duka tare da ƙofa, ko cikin mota, ko shago mai faɗin tabarma biyu. In irin wannan ne rabin aikinka to ka manta da abin da na ce ka sayi 15.

Awon haske a M6 yana aiki da dukansu, sai dai da yake sama tana shigowa da yawa tana ruɗin mitar awon hasken, ka sunkuyar da kyamara ƙasa ka auna sannan ka ɗago. Kar dai wani ya lallaɓe ka da tsohon gilashin Super-Angulon 21mm f/3.4 ba tare da ya faɗa maka bayansa yana shiga ciki sosai har ya tare wa mitar hanya ba.

Sai filta, wanda a wurinmu ba ƙaramin abu ba ne saboda ƙurar hunturu. Skopar yana ɗaukar filta 39mm. Heliar na farko ba shi da wurin ɗaura filta sam, gilashin gaba a waje yake, sai na biyu na 2009 ne ya zo da mazaunin M, irin na M6 ɗinka, da filta 52mm da haɗin renjifainda.

In kana da niyyar komawa dijital nan gaba ka sa wannan a lissafi. A kan Leica M9, wadda dijital ce, tsofaffin Heliar biyun suna ba da launin ja-ja ko shunayya a gefen hoto saboda haske yana faɗa wa sensa a karkace, Skopar f/4 ma bai tsira ba. Heliar na uku da ya fito a 2015 an sake masa tsari saboda wannan, amma ya fi girma. A fim babu wannan matsalar ko kaɗan.

In za ka saya na hannu, ka tambaya ko da tagar leƙensa, don sayenta daban yana iya cin kuɗi mai kauri, kuma in mai zare ne irin L39 sai ka nemi adafta zuwa M. Ka haska tocila ta bayansa ka duba hazo ko fumfuna kafin ka biya.