Manhajar tsara hanyar motocin ture dusar ƙanƙara: abin da na gani

Jama'a, ga masu tambayata ko manhajar nan da ogammu ya sayo mana, mu direbobin motocin ture dusar ƙanƙara a nan Montreal ta ƙasar Kanada, tana aiki, to gaskiya tana aiki, amma ba yadda ɗan tallan ya zuzuta ta ba. Garin nan dusar ƙanƙara na kai wajen santimita 200 a shekara, kuma aikinmu ba irin na mai kai saƙo ba ne da zai je gida kaza ya wuce, mu kowane titi sai mun bi shi daga farko har ƙarshe, galibi ma hannu biyu. Lissafin tsara irin wannan hanya tsoho ne fa, wani masani ɗan Chaina Kwan Mei-Ko ya tsara shi tun 1960 saboda masu raba wasiƙa, wai yaya za ka bi duk layuka ka dawo ba ka yi ta maimaita hanya a banza ba.

Nan ta burge ni wallahi. Da can sai ka ga mutum ya ɗaga garmar, wato ƙarfen gaban mota mai ture ƙanƙara, yana ta zagaye a titin da an riga an share, man gas na ƙonewa kawai. Yanzu ta rage wannan sosai, tana fara tura mu manyan tituna da hanyar bas da ta asibiti, sannan ta san garma dama take tura ƙanƙara, shi ya sa take guje wa kwanar hagu da yutan (juyawa a koma inda aka fito), don in ka yi kwanar hagu a mahaɗa tudu guda za ka bari a tsakiya mutane su yi ta tsine maka. Har lokacin da gishirin da muke watsawa a titi don narkar da ƙanƙara zai ƙare a koma ɗiba tana lissafawa, wannan kam ban zata ba.

Matsalarta ba ta san motocin da aka faka ba. Ta taɓa cusa ni wani siririn wanwe cikin dare, motoci hagu da dama, sai da baya na fito ina ta salati. Gangara mai santsi ma a wajenta titi ne kawai kamar kowane, sai da wani tsohon direbanmu ya zauna ya shigar mata da wuraren da hannu.

In motocinku biyu ne ko uku, ku riƙe kuɗinku, taswira da biro sun isa. In suna da yawa ku saya, amma ku gyara taswirar tun Oktoba kafin sanyi ya sauka.