Gargaɗi Ga Masu Gini Da Kansu: Hattara Da Masu Tallar "Ragowar Fenti"

'Yan'uwa masu gina gida da hannunku, musamman waɗanda aiki ya kai su matakin fentin ɗakin kwana, akwai wata damfara da ke yawo a kafafen sada zumunta, kuma ku ake fako. Sun san cewa wanda ya kai wannan mataki aljihunsa ya riga ya yi sanyi. Ya sayi siminti, ya yi rufi, ya sa ƙofa da taga, yanzu so yake kawai ya shafe ɗaki ɗaya ya tare. A daidai wannan gaɓar suke shigowa.

Tallar kusan iri ɗaya ce. Za ka ga hoton bokitai an jera su, ɗauke da sunan kamfanin fenti sananne, a ƙasa an rubuta cewa ragowa ce daga wani babban aikin gini da aka kammala, ana so a rabu da su a rabin farashi. Idan ka nemi zuwa ka gani, sai a ce kayan suna sito, mai makulli ba ya nan, amma ka tura kafin alƙalami a kawo maka har wurin gini. Wasunsu daga nan ne lamba za ta daina shiga. Masu kawo kayan su ne suka fi haɗari, domin bokitin na gaske ne, abin da ke ciki ne ba na gaske ba. Suna bi suna sayen bokitan da aka yi amfani da su, su wanke, su zuba nasu haɗin, su mayar da marfi. Kuma sun fi son kawowa da yamma liƙis, direba yana ta gaggawa, don kada ka samu natsuwar dubawa.

Fentin ruwa mai kyau yana da abin da ke ba shi farin da ke rufe bango, wato sinadarin titaniyam, yana kuma da danƙon da ke riƙe shi a jikin bango bayan ruwan ya bushe. Waɗannan biyun su ne masu tsada. Mai jabu yana rage su, ya cika gurbinsu da garin alli da ruwa. Shi ya sa kaurin fenti ko nauyin bokiti ba shaida ba ne, alli ma yana da nauyi yana kuma sa kauri. A cikin bokiti ba za ka gane ba. Sai ya hau bango.

Na shiga ɗakin da aka shafa da irin wannan fenti. An yi shafi huɗu, amma tokar filasta tana leƙowa ta ƙasa, layin rola duk a bayyane. Na goga tafin hannu a bango, hannun ya fito fari fat. Inda kan gado ya jingina, katakon ya kwashe farin gari, bangon kuma ya yi tabo. Gyaran irin wannan ya fi shafin farko wahala, don ba a ɗora fenti mai kyau a kan bango mai zubar da gari, zai ɓare ne ya faɗo tare da na ƙasa. Dole a kankare, a wanke, a bari ya bushe, a sake shafin ƙasa, wato abin da ake fara shafa wa bango kafin a ɗora fenti. Kuɗi biyu, wahala biyu. Araha dai ba ta ado.

Ku yi lissafi tun kafin ku saya. Ɗaki mai mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, tsayin bango mita 3, bangonsa mita murabba'i 48 ne. A cire ƙofa da taga, a ƙara silin mai 16, za a tashi da kusan 60. Lita ɗaya ta fentin ruwa mai kyau tana shafe kimanin mita murabba'i 10 a bango mai santsi da aka yi wa shafin ƙasa. Shafi biyu ke nan lita 12 ko kusa da haka. Bokiti mai lita 20 ya ishi ɗakin har ya yi saura. Duk wanda ya ce maka ɗaki irin wannan sai bokiti uku, ko dai ya san fentinsa ba ya rufewa, ko yana so ya ɗora maka kaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne fentin mai, wanda ake shafa wa ƙofa, taga da ƙarafunan kariya. Gwangwanin da ba a san wanda ya haɗa shi ba yana iya ƙunsar dalma, musamman launin rawaya, ja da ruwan lemo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa a jikin mutum, kuma yara ƙanana ta fi yi wa illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da fahimta. Amurka ta hana ta a fentin gidaje tun 1978, ƙasashe da yawa kuma sun sa iyakar kashi 90 cikin miliyan. Mai haɗa fenti a ɓoye ba ruwansa da wannan iyaka. Ɗakin kwana kuwa nan yaro ke rarrafe, ya kama ƙarfen taga, ya kai hannu baki. Ba a gane dalma da ido ko da hanci, don haka fentin mai kam kada ku saya sai a wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, da rasit.

Ga wanda aka kawo wa bokiti, ya duba zoben robar da ke kulle marfi. Idan ya tsinke, ko an liƙe shi da gam, ko akwai busasshen fenti a bakin bokitin, an taɓa buɗewa. Ya nemi lambar haɗi, wato lambar da kamfani ke bugawa a jikin bokiti, da ranar da aka yi fentin, ya kira kamfanin a lambar da ke shafinsu na intanet, ba wadda mai sayarwa ya ba shi ba. Fentin ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ya lalace, sau da yawa saboda ruwan da aka ƙara masa. Sannan ya shafa kaɗan a gefen bango, ya bar shi kwana biyu ko uku, ya goga da jiƙaƙƙen tsumma mai duhu. Mai gaskiya ba zai ƙi a yi wannan gwajin kafin a cika masa kuɗinsa ba.

Wani abu kuma: idan kuka koma da ƙorafi, abin da za su fara cewa shi ne bangonku ne bai bushe ba. Ku toshe wannan ƙofar tun da wuri. Sabon filastar siminti yana buƙatar kamar mako huɗu kafin a shafa masa fenti, sannan a fara da shafin ƙasa. Ku ɗauki hoton bangon da na bokitin kafin a buɗe.

Wanda abin ya riga ya shafa, ya adana bokitin da ragowar fentin, da shaidar tura kuɗi da hoton hirarsu, ya kai wa hukumar kare haƙƙin masu saye da kamfanin da aka yi amfani da sunansa, ya kuma kai rahoton shafin a inda ya ga tallar. Bokitin da kuka gama da shi kuma, ku goge sunan kamfanin ko ku huda gindinsa kafin ya bar hannunku.