Lightroom da Photoshop a shagon hoto na Tawa: aiki ya yi kyau, biyan wata-wata ne ke da nauyi

Tun da na koma ɗaukar hoton biki da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, nake biyan kuɗin Lightroom da Photoshop, manhajojin gyaran hoto na kamfanin Adobe, kuma abokan sana'a a nan Tawa suna yawan tambayata ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu. Tana biya ga wanda biki da suna ke ciyar da gidansa. Wanda kuwa aikinsa hoton katin ɗan ƙasa ne da na takardun makaranta, ban ba shi shawarar ya ɗaura wa kansa wannan kaya ba.

Bari in fara da haƙƙin manhajar, don ta cancanci yabo. Duk mai ɗaukar hoto a Adar ya san wahalar ango baƙi sanye da farar shadda da rana tsaka. In ka auna haske a fuska, shadda ta ƙone ta zama farin allo, aikin zaren da tela ya kwana yana yi a wuyan riga ya ɓace. In ka auna a shadda, fuska ta nutse. A Lightroom ina zaɓar mutumin shi kaɗai, in ɗaga hasken fuska, in sauke na riga har zaren ya fito ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na mayar da ango fari ba. Sannan in kwafi gyaran in zuba wa sauran hotunan da aka ɗauka a wannan hasken gaba ɗaya. Da dare kuma, a wajen kamu, inda ƙwan lantarki ɗaya ne rataye a rumfa, hoto kan fito da tsaki-tsaki. Denoise, abin goge tsaki-tsaki da aka ƙara wa Lightroom a 2023, yana share shi har lallen hannun amarya ya fito sarai. Sai dai yana son kwamfuta mai ƙarfi. Kwamfutata a zafin watan Afrilu sai na sa mata fanka.

Kuɗin fa? Da can saye ake yi sau ɗaya, manhaja ta zama taka. Photoshop CS6 na 2012 shi ne na ƙarshe a haka, domin a 2013 Adobe ya koma biyan wata-wata, ya fito da tsarin masu hoto a kan dalar Amurka 9.99, mai haɗe da manhajojin biyu. Farashin ya daɗe a haka. A Janairun 2025 aka rufe wannan ƙaramin tsarin mai ma'ajiyar gajimare, wato wurin ajiyar hoto a intanet, ta 20GB ga sababbin shiga, masu biyan wata-wata a cikinsa aka kai su 14.99, masu biyan shekara gaba ɗaya aka bar su a 119.88. Sabon shiga da ke son duka biyun ya koma kan tsarin 1TB, wato 19.99 a wata. A kuɗinmu wannan kusan jika goma sha biyu ne, a shekara wajen jika ɗari da arba'in, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000. Kuma tun da sefa da yuro take ɗaure, 655.957 a kan yuro ɗaya, ba da dalar Amurka ba, abin da za a cire maka yana hawa yana sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne aikinmu ba na wata-wata ba ne. Biki yana taruwa bayan kaka, da lokacin da 'yan ci-rani suka dawo daga Abijan da Libiya da abin aure, da makonnin gab da azumi, sai ranakun salla. Da damina mutane na gona, kyamara sai ta kwana biyu a jaka. Kuɗin manhaja kuwa kamar hayar shago yake, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba wata ya ƙare. Kada kuma wani ya ce zai biya watannin biki kawai ya tsaya. Yarjejeniyar ta shekara ce, an dai rarraba biyan ne. In kwana 14 na farko suka wuce ka janye, rabin abin da ya rage na shekarar za a caje ka. Wannan sharaɗin har hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kai kamfanin kotu a kansa a watan Yunin 2024. A karanta shi da kyau kafin a danna.

Hanyar biyan ma aiki ce. Kati ake so, Visa ko Mastercard, alhali yawancinmu da tsabar kuɗi muke harka ko ta salula. Katin da na yanka a wani banki ya ƙi wucewa, aka yi ta ce mini in dawo gobe. Ƙanena da ke Abijan ne ya ce, "Yaya, bar shi, ni zan riƙa biya da nawa, ka ba Inna kuɗin a nan." Haka muke yi har yau. Intanet kuwa bai zama matsala sosai ba, domin nau'in da ake kira Lightroom Classic a kan kwamfuta yake aiki, lokaci-lokaci ne kawai yake neman layi ya tabbatar ka biya. Ma'ajiyar gajimare ce ba ta da amfani gare ni, don loda RAW na biki guda zai cinye forfen wata. Faifan ajiya biyu na saya, su ne madogarata.

In ka daina biya, hotunanka ba sa ɓacewa. Lightroom Classic zai bar ka ka duba su ka fitar da su, amma ɓangaren gyara, Develop, ya rufe. Wannan ne ya sa na soma koyon wata manhajar gyaran hoto, darktable, a lokacin da aiki ya yi sauƙi. Kyauta ce, tana buɗe RAW, kuma tana da ƙarfi, sai dai hannu ba ya saba wa da ita da wuri, kuma gyaran da ka tara a Lightroom ba ya ƙaura cikinta yadda yake. Cikin na kyauta akwai kuma RawTherapee, akwai GIMP, sannan Affinity da Canva ya saya a 2024 ya zama kyauta a ƙarshen 2025. Yaron shagona da GIMP yake yin hoton katin ɗan ƙasa, farin bango, yanke da jerawa a takarda, kuma babu wanda ya taɓa dawo da hoto. Na fashe, wato kwafin sata da ake zubawa a kile USB a kasuwa kuwa, na ga yadda ya shigo da cuta kwamfutar wani abokin sana'a ta kulle da hotunan bikin mutane a ciki. Iyayen amarya har shago suka same shi.

Yanzu ga yadda na tsara. Na koma biyan shekara gaba ɗaya, ina ware kuɗin daga cinikin babbar salla kafin ya shiga cefane, kuma duk bikin da na karɓa ina ɗora ɗan kason gyara a cikin farashi, ina faɗa wa mai biki tun a wajen ciniki. Wasu Alhazan sukan yi ƙorafi, sai in buɗe musu hoto ɗaya kafin gyara da bayan gyara, yawanci a nan maganar ke ƙarewa. In aka sake ƙara farashi, ko aka taɓa tsarin shekara da nake ciki, bikin farko da zai biyo baya da darktable zan gyara shi.