GRUB bayan wata shida: ashe laifina ne

Wata shida kenan ina amfani da GRUB, wato manhajar da ke nuna menu na zaɓen tsarin da kwamfuta za ta tashi da shi, a laftof ɗina mai Ubuntu da Windows tare, kuma gaskiya da farko ya bani haushi ba kaɗan ba. Sai in zauna in gyara menu, in sa Windows a sama, in rage jira zuwa sakan 3, da an yi ofdet na kernel, wato zuciyar Ubuntu, sai komai ya koma gidan jiya. Sau uku ina wannan wahalar kafin na gane ni ne ke shirme, kai tsaye nake rubutu a /boot/grub/grub.cfg alhali a samansa an rubuta da manyan baƙi kar a taɓa shi, ni dai ban tsaya karantawa ba. Duk sanda sabon kernel ya shigo, wani umarni mai suna update-grub ke sake haɗa fayil ɗin daga tushe, yana ɗebo bayani daga /etc/default/grub da abin da ke cikin /etc/grub.d, to kaga duk abin da ka rubuta da hannu a can ya tafi kenan.

Na koma gyara /etc/default/grub, ya yi aiki, amma ranar da aka sabunta GRUB ɗin kansa sai ya tambaye ni ko in riƙe fayil ɗin da na gyara ko in karɓi sabo, ina gaggawa na zaɓi sabo, shikenan gyarana ya tafi.

Abin da ya kawo min sauƙi shi ne ƙirƙirar fayil ɗina a /etc/default/grub.d, na sa masa suna 99-nawa.cfg, na zuba GRUB_TIMEOUT=3 da GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true (waɗannan biyun ke sa ya tuna abin da na zaɓa a ƙarshe). Ana karanta shi bayan babban fayil ɗin /etc/default/grub, don haka maganarsa ce ke tsayawa, kuma tunda ba wani fakiti ya kawo shi ba ofdet baya kula shi. Har da GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false na ƙara, saboda tun GRUB 2.06 da ya fito a 2021 os-prober, mai gano Windows ya sa shi a menu, a kashe yake zuwa, kar wata rana in tashi Windows ya ɓace a menu.

Ƙorafina ɗaya, folda biyu masu suna grub.d, ɗaya a /etc ɗaya a /etc/default, wallahi sai da na zuba fayil a wanda ba shi ba. Yanzu kam ofdet biyar sun wuce, saitina na nan daram. Na ba GRUB maki huɗu cikin biyar.