Rediyo ko data, wanne za ka fara saya in labari kake nema?

Kaka ta yi, an fara sayar da riɗi da zoɓo, ɗan kuɗi ya shigo hannu, to masu tunanin ko su sayi rediyo ko su riƙa zuba data a waya don jin abin da duniya ke ciki, ga yadda nake ganin lamarin.

Data ita ce ke kai ka wajen masu bulog da shafukan Facebook da TikTok, irin waɗanda mutum ɗaya ke riƙe da su, shi ne ɗan rahoto shi ne edita shi ne kuma mai karɓar talla. Sauri kam suna da shi, kuma suna shiga lungun da manyan kafafe ba sa zuwa, in ruwa ya ci gonakin shinkafa wajen Auyo da Hadeja a wajensu za ka fara ganin hoto, farashin gero a Gujungu ranar Lahadi ko na dabbobi a Maigatari ranar Alhamis ma wani zai ɗora kafin la'asar. Wannan amfani ne babba. Matsalar dai ba mai duba masa kafin ya saki, kuma abincinsa yawan masu dannawa ne, shi ya sa komai "da ɗumi-ɗumi" ne a wajensa, in ƙarya ta bayyana sai ya goge shiru, ba ofis ba adireshi ba inda za ka kai ƙara. Ku tuna 2014 lokacin Ebola, saƙo ya zaga wayoyi cikin dare wai a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka, wallahi abin har yau yana min ciwo.

Gidajen rediyonmu irin Freedom da ta fara a Kano a 2003, da Rediyon Kano da Rediyon Jigawa na Dutse, da lasisin NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, suke aiki, akwai edita, akwai ƙofar da za ka buga in sun ɓata maka suna. Amma su ma sai ka buɗe kunne, na gwamnati da wuya ya faɗi laifin gwamnati, masu zaman kansu kuma suna sayar da fili, to ka rarrabe labaran da ma'aikata suka tace da filin sojojin baka ko na mai maganin da ke warkar da cuta arba'in, wannan kuɗi aka biya.

Na waje, BBC Hausa tun 1957, DW tun 1963, RFI a 2007. Sun fi tantancewa, sai dai ba ruwansu da rabon taki a mazaɓarku.

Ni dai in kuɗin na abu ɗaya ne, rediyo zan ce ka fara saya, sau ɗaya za ka biya, ba ta buƙatar sabis, kuma maigida da uwargida da yara duk su ji tare, har gona za ka rataya ta. Ka nemi mai sola ko mai caji saboda kuɗin batir, kuma ka duba tana da SW, wato gajeren zango mai kamo tashoshin nesa, ba FM kaɗai ba, ka sa mai shago ya kunna ka ji ta kama kafin ka ba da kuɗi.

In da ragowa sai ka sa data, ka bi shafin Aminiya da Premium Times Hausa da na gidajen rediyon nan, amma ka lura akwai masu satar tambarinsu su buɗe shafin bogi, duba rubutun sunan da kyau da tsofaffin abubuwan da aka ɗora. Masu bulog ka bi su don farashin kasuwa da labarin gari, amma maganar magani, ko rasuwar wani babba, ko rikici, ko canjin kuɗi irin na 2023, kar ka tura wa kowa sai ka ji a rediyo. Wanda kuma ya ce ka danna nan ka sa BVN ko lambar katinka don karɓar tallafi, toshe shi nan take.