Allunan ƙarfe biyar da na sa aka yi mini a Tawa don mazan jiyan garinmu

Damina biyu a jere ƙoramar da ke yamma da maƙabartar garinmu tana cin gaɓa, tana kwashe duwatsun da aka jera kan tsofaffin kaburbura. Da na je gida bara bayan ƙaramar salla, sai da muka kira kawuna, wanda ya haura shekara 80, kafin mu gane kabarin kakana. Ya tsaya ya daɗe yana duban gawon da ke tsakiyar maƙabartar, ya ƙirga taku, sannan ya nuna da sandarsa ya ce, "Ga shi nan, in Allah ya so." Wannan "in Allah ya so" ita ta hana ni barci a daren. Ran da kawu ya kwanta dama, wa zai ƙirga mana taku?

Garin namu ɗan ƙarami ne, kan hanyar Kaita, cikin duwatsun Adar. Amma a maƙabartarsa akwai tsofaffin sojoji shida da kowa ya sani, huɗu daga ciki iyalansu na riƙe da takardunsu. Na bi gidajen, muka yi shawara, aka ɗora mini aikin neman wanda zai yi mana alama mai ƙarko, tunda ni ke zaune a Tawa, babban birnin yankinmu a Nijar, ina koyarwa. Abin da zan ba da labari ke nan: mai waldar da ya yi aikin, ko mai sudur kamar yadda muke cewa a nan, da abin da ya yi daidai, da inda ya ba ni haushi.

Rumfarsa tana gefen babbar kasuwar Tawa, a layin masu haɗa ƙofofi da gadajen ƙarfe. Ba ta da allon suna. Wani abokin aikina ne ya kai ni, ya ce shi ke buga lamba a jikin amalanke da ƙofar shago. Na je da nawa tunanin a shirye: farantin alminiyam, a rubuta da farin fenti, a gama cikin mako. Ya saurare ni har na kai aya, sannan ya girgiza kai. Ya ce alminiyam ba ya kwana uku a daji, yaran da ke tsintar ƙarafa za su cire su sayar wa masu zubin tukwane. Fenti kuma rana da yashin hunturu za su lashe shi kafin damina ta uku. Abin da ya ba da shawara shi ne baƙin ƙarfe mai kaurin milimita 3, a buga haruffan da guduma su nutse cikin ƙarfen, ko fentin ya tafi rubutun na nan. Ƙafar allon mita ɗaya, rabi a cikin ƙasa, da wani guntun ƙarfe da za a liƙa a gicciye can ƙasa, don kada a tumɓuke shi da hannu ɗaya. Ban taɓa tunanin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Inda ya shiga raina shi ne lokacin da na fito da karnen sojan kakana daga cikin leda. Ɗan littafi ne da bangonsa ya yi ja don tsufa, gefensa gara ta taɓa. Na miƙa masa, sai ya ja hannunsa baya ya ce, "Dakata Mushe, wagga takarda ta girme ni. Bari in wanke hannu." Ya ɗauki buta ya wanke baƙin mai da sabulu, ya goge a cikin rigarsa, ya shimfiɗa buhun siminti kan benci, sannan ya karɓa. Daga CM2, ajin ƙarshe na firamare, ya bar lakkal, amma ya bi rubutun alƙalamin magatakardan Faransa layi-layi da yatsa bai taɓa takardar ba. An ɗauke shi a Tawa a 1942. Ya hau jirgin ruwa a Dakar a 1943. Ya sauka gaɓar Faransa a watan Agusta na 1944. Nan ya ɗago kai ya ce, "Ashe tsohon ya ga duniya."

Ya gan ta kuwa, ba da son ransa ba. Tun 1919 Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja dole a ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma, shekara uku, kowane sarki a kawo masa adadin samarin da zai bayar. Masu ƙafa suka riƙa tsallakawa Ingilishi, wato Najeriya, wajen Sakkwato, har ɗaukar ta wuce. Kakana bai gudu ba, saboda an ce in ya gudu ƙanensa za a kama. Duk baƙar fatar da ya sa kakin nan "tirayar na Senegal" ake ce masa, ko Ba'adare ne, ko Bazabarme, ko Bamosi. Yana cikin waɗanda aka sauke a yankin Provence da ke kudancin Faransa daga 15 ga Agusta 1944, suka yi yaƙin ƙwato birnin Tulon. Da sanyi ya kama a ƙarshen shekarar, sai aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka ba samarin Faransa bindigoginsu, su kuma aka tara su a sansanonin kudu suna jiran jirgi. Wannan ne bai taɓa yafewa ba. Ina yaro, in hunturu ya yi, yana jin ɗumi bakin wuta, zai ce, "Mu munka buɗe ƙofa, wasu sunka shiga ɗaki." Sai 1946 ya dawo gida.

Muka zo kan matsalar suna. A karnen, magatakarda ya karkatar da sunansa yadda kunnen Bature ya ji, ya liƙa masa sunan ubansa da kuskure. A gari kuwa ba wanda ya san shi da wannan, Kafaran, wato kofur, kawai ake ce masa har ya rasu a 1988. Na rasa wanda zan zaɓa. Mai waldar ya ce a sa duka: sunan yanka da laƙabin gari a sama da manyan haruffa, don masu ziyara, sunan takarda da lambar soja a ƙasa da ƙanana, don jikan da wata rana zai rubuta wa ma'ajiyar takardun soja da ke garin Pau a Faransa yana neman tarihin kakansa. Rabin maganar ta Pau ni na kawo, amma dabarar layi biyun tasa ce, kuma ita muka bi a dukkan allunan.

Akwatin haruffansa na Faransanci ne, babu ɗ babu ƙ. Biyu daga cikin sunayen suna buƙatar ƙugiya. Na ɗauka zai ce in yi haƙuri. Sai ya buga d, ya ɗauki ƙaramar kurfi ya lanƙwasa mata kai da bugu uku, ya juyo mini da allon. Ƙugiyar ta ɗan fi girma, amma duk Bahaushen da ya duba zai karanta sunan yadda uwar mai shi ta kira shi.

Kafin a fara na je wurin limamin garinmu, don na san za a yi magana. Ya ce an hana gini kan kabari da shafe shi, kuma akwai ruwayar da ta haɗa da rubutu, shi ya sa malamai da yawa ba sa so. Amma Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ajiye dutse a kan kabarin Usmanu ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi. Ya yarda da sharaɗi: ba siminti, ba aya, ba kirari, allon kada ya yi tsawo. Da na kai wa mai waldar sharuɗɗan, ya ce dama shi ba ya buga ayar Alƙur'ani a allon kabari ko nawa za a ba shi, don awaki na ratsa wurin. Akwai dattijo ɗaya a gari da har yau bai gamsu ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu inda muka saɓa. Ya ce kwana goma, aikin ya ci kwana 26. Wani ɓangare ba laifinsa ba ne, lokacin zafi ne, kuran, wato wutar lantarki, na ɗaukewa tun hantsi ba ya dawowa sai la'asar. Amma sau biyu na hau kabu-kabu na je na tarar ya ture allunanmu gefe yana haɗa ƙofar wani Alhaji da ke son tarewa kafin babbar salla. Da ya faɗa mini gaskiya ta waya da ban ɓata kuɗin mashin ba. Na biyu, ya yi kuskure a allon mutum na uku, wanda ya yi yaƙin Indocin da na Aljeriya: maimakon 1954 sai ya buga 1945. Ga mai wucewa lambobi biyu ne suka sauya wuri. Ga iyalinsa kuwa 1954 ita ce shekarar da Dien Bien Phu, sansanin sojan Faransa a Indocin, ta faɗi, shekarar da aka yi watanni ba a san ko yana raye ba, har matarsa ta fara shirin takaba. Na nuna masa, bai yi musu ba, bai nemi ƙari ba. Ya cike gurbin da walda, ya goge, ya sake bugawa. Sai dai tabon gugar na nan, in rana ta haska ana gani. Da sabon faranti ya yanka da ya fi. Wanda zai kai masa aiki ya rubuta komai da manyan baƙaƙe, ya tsaya a zana da alli a gabansa kafin guduma ta sauka.

Wannan na ukun shi ne ya dawo ya shiga rundunar sojan Nijar da aka kafa ranar 1 ga Agusta 1961, cikin tsofaffin sojan Faransa irinsu Seyni Kountché, tsohon shugaban Nijar, wanda shi ma ya yi Indocin da Aljeriya. Shi da kakana da abokin kakana sun sha tafiya Tawa karɓar fansho wanda dokar Faransa ta ƙarshen 1959 ta daskarar, Bafaranshen da suka kwana rami ɗaya yana karɓar ninkin ba ninkin. Sai 2007 aka fara daidaita wani kaso, sauran a 2011. Duk su ukun suna ƙasa a lokacin. Na huɗun ƙaramin su ne, yana cikin ayarin da Nijar ta tura Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha a 1990 zuwa 1991, ciwo ya ɗauke shi a gida bayan shekaru.

Kuɗi: jika bakwai na sefa kowane allo, da fentin hana tsatsa shafi biyu da baƙi a kai. Na tambaya a wasu rumfuna biyu, ɗaya ya ce jika huɗu amma da fenti kawai, ɗayan bai da haruffan bugawa. A ganina jika bakwai bai yi tsada ba. Kai su gari a saman mota ya ci jika biyu, suna da nauyi.

Allo na biyar ba ya cikin lissafi. Ana saura kwana kaɗan a gama, wata gwaggo daga unguwarmu ta aiko a kira ni. Ɗanta na cikin sojoji 71 da aka kashe a harin sansanin soja na Inates, kusa da iyakar Mali, ranar 10 ga Disamba 2019. A Yamai aka binne su, cikin sansanin sojan sama, ita kuwa ba ta taɓa taka Yamai ba. Ta kwance bakin zanenta ta fito da jika bakwai duk a nannaɗe, ta ce, "Ɗana, a yi mai nashi shi ma." Na ce Gwaggo, ai ba kabarinsa a nan. Ta ce ta sani.

Da na kai wa mai waldar sunan da kwanan watan, ya yi shiru, ya tambayi shekarun yaron. Na ce 24. Ya yi allon ba ƙafa, ya huda shi biyu a sama don a rataya, ya goge gefunansa sumul don kada ya yanki hannun tsohuwa. Jika bakwai ɗin ya mayar mini da su cikin ledar da na kawo, ya ce in kai mata. Wannan allon a kwana biyu ya gama shi.

Huɗun muka kafa ranar wata Juma'a bayan sallar asuba, kawu na zaune kan tabarma yana nuni da sanda, samari na haƙa. Damina ɗaya ta wuce a kansu yanzu. Na duba su a watan jiya: babu wanda ya karkata, tsatsa ta ɗan fito a gindin guda ɗaya inda ruwa ke kwanciya, na shafa masa baƙin mai. Saura kaburbura biyu da ba a samu takardunsu ba. An ce karnen ɗayan yana hannun wata jikarsa da ke aure a Ƙonni, na aika mata saƙo ta hannun direban da ke bin hanyar ran Laraba.